Gidan Gado, Gonar Aro Da Ɗakin Haya: Ka San Hakkinka, Ka Rubuta Shi

 

Rigimar gida da gona tana yawan kai mutanenmu gaban dagaci da alƙali. Daga Ikara zuwa Paki, daga Makarfi zuwa Gimi, daga Hunkuyi zuwa Likoro, labarin kusan ɗaya ne. Wa da ƙane sun daina gaisawa saboda gidan da uba ya bari. Wanda aka ba aron gona ya wayi gari ya ce tasa ce. Mai gida ya kwashe kayan ɗan haya ya zube a ƙofar gida. In ka bi diddigi, sai ka tarar ba a rubuta komai ba tun farko. Da baki aka yi magana. Shaidu sun rasu. Kowa ya riƙe abin da ya tuna, ko abin da ya fi masa daɗi.

Wannan bayani na mutum uku ne. Na farko, wanda ke da rabo a gida ko gona tare da wasu. Na biyu, wanda ke noma ko zama a wurin wani, da aro ko haya ko jingina. Na uku, wanda ke son shiga shirin gidan da ake biya a hankali. Dukansu suna da hakki a doka. Amma hakkin da ba a rubuta ba yana da saurin ɓacewa. Ku da kuka koyi karatu da rubutu, makamin yana hannunku.

Ƙasa ta wa ce?

Tun zamanin Daular Usmaniyya malamai sun yi rubutu a kan hukuncin ƙasa. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, yana cikin waɗanda suka rubuta. Da Turawa suka zo, sai suka yi doka a 1910, suka sa ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta yi tata dokar. Sannan ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa. Ita ke aiki a duk Nijeriya har yau. An ma sa ta cikin Tsarin Mulki, saboda haka sauya ta ba abu ne mai sauƙi ba.

Ga abin da dokar ta ce a taƙaice. Duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun Gwamna a matsayin amana, don amfanin jama'a duka. Abin da kai da ni muke da shi a kan fili shi ne hakkin zama da amfani. Ana gadon wannan hakki. Ana sayar da shi, ana ba da hayarsa, amma da sharaɗi.

Kada wannan ya tada maka hankali. Dokar ba ta ƙwace gonar kowa ba. Wanda yake noman gonarsa a ƙauye tun kafin 1978, doka ta ɗauke shi tamkar wanda ƙaramar hukuma ta ba hakki, ko da ba shi da takarda. Haka wanda ya riga ya yi gini a gari.

Hakki iri biyu ne

Na farko shi ne hakkin da Gwamna ke bayarwa. Shi ne ake ba wa takardar shaida, wadda muke kira satifiket, 'yan boko kuma suna cewa C of O. Yana da wa'adi. Filin gidan zama yawanci shekara 99 ake rubutawa. Mai shi yana biyan harajin fili. Ba ya sayarwa ko ya ba banki jingina sai da amincewar Gwamna.

Na biyu shi ne hakkin gargajiya. Dokar ta ce ƙaramar hukuma ke ba da shi a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba. Gwamna ne ke ayyana inda ake lasaftawa birni. Ƙaramar hukuma ba ta ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 na noma ko hekta 5,000 na kiwo sai Gwamna ya yarda. Wannan hakki ma ba a sayar da shi ko a jinginar sai da amincewar hukuma.

Maganar amincewar nan ba wasa ba ce. Dokar ta ce cinikin da aka yi ba bisa ƙa'idarta ba ɓatacce ne. A 1989 Kotun Ƙoli ta soke wata jingina da aka yi wa bankin Savannah, don ba a nemi amincewar Gwamna ba. In banki mai lauyoyi ya yi asara a kan wannan, ina ga talaka? Haka kuma dokar ta hana a yayyanka tsohuwar gonar ƙauye fuloti-fuloti ana sayarwa. Mai sayen fuloti a bakin gari ya bincika da kyau kafin ya miƙa kuɗi.

A Jihar Kaduna, an kafa hukumar KADGIS a 2015, zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i. Ita ke auna filaye, ta ajiye bayanansu a kwamfuta, ta shirya takardun shaida.

Gidan tarayya

Yawancin gidajenmu na tarayya ne. Uba ya rasu ya bar gida mai sassa uku ko huɗu. 'Ya'ya suka ci gaba da zama. Aka ce a bar rabo, kada a ɓata zumunci. Wannan niyya ce mai kyau. Amma tun daga ranar rasuwa, gidan ya zama na magada duka, maza da mata, manya da ƙanana. Babban wa mai riƙo ne kawai. Kasonsa daidai yake da na ƙaramin ƙanensa namiji.

Dokar Amfani da Ƙasa ba ta taɓa hukuncin gado ba. Ga Musulmi, shari'a ce ke raba gado. Ga misali don a gane. A ce mutum ya rasu ya bar mace ɗaya, 'ya'ya maza 2 da mata 3, iyayensa kuma sun riga shi rasuwa. An biya bashinsa, bai bar wasiyya ba. Masana suka yi wa gidan kuɗi naira 2,400,000. Matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas: naira 300,000. Saura naira 2,100,000. Namiji yana ɗaukar kaso biyu, mace kaso ɗaya. Maza 2 kaso 4 ke nan, mata 3 kaso 3, jimla kaso 7. Kowane kaso naira 300,000. Kowane ɗa namiji yana da naira 600,000, kowace 'ya mace naira 300,000.

Duba da kyau. Uwa da 'ya'ya mata uku, in aka haɗa rabonsu, naira 1,200,000 ne. Rabin gidan ke nan. Amma sau nawa ake tambayarsu kafin a sayar da wani sashe, ko a zuba 'yan haya? 'Ya mace ta yi aure ta tafi Kudan ko Anchau, wannan bai kashe rabonta ba. Idan ana karɓar kuɗin haya a shagon da ke jikin gidan, tana da kaso a ciki. Idan ana noma gonar gandu, a nemi yardarta. In ta yafe, ta yafe da bakinta gaban shaidu, ba a yafe mata a bayan ido ba. Rabon maraya kuwa amana ce. Mai riƙonsa ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita har yaron ya yi hankali.

Hanyar warware tarayya uku ce. Ko a raba gidan, kowa ya san sashensa da iyakarsa. Ko a yi masa kuɗi, masu zama su biya waɗanda ba sa zama, ko da a hankali ne, kaka bayan kaka. Ko a sayar a raba kuɗin. In kuma an zaɓi a ci gaba da tarayya, to a rubuta sunan kowa da kasonsa. A rubuta wanda zai riƙa gyara, da yadda za a raba kuɗin gyaran. Wanda zai rushe ɗakin ƙasa ya yi na bulo da kuɗinsa, ya nemi yardar sauran a rubuce kafin ya sa harsashi. Tun ran gini, tun ran zane.

Gida mai satifiket yana da ƙarin sharaɗi. Doka ta ce ba a raba irin wannan hakki gida biyu ko fiye saboda gado sai da amincewar Gwamna. Saboda haka bayan alƙali ya raba, a kai takardar rabon ga hukumar filaye don a gyara suna. Kada ɗaya daga cikin magada ya je shi kaɗai ya yi satifiket da sunansa a kan gidan kowa da kowa.

Idan ɗaya yana son sayar da kasonsa

Ɗan'uwa ya matsu da kuɗi, ya sayar wa baƙo kasonsa a gidan da ba a raba ba. Me sauran za su yi? Shari'a ta ba su hakkin da ake kira shuf'a. Ma'anarsa, abokin tarayya ya fi kowa cancantar sayen kason. Yana iya biyan kuɗin da baƙon ya biya, ya karɓe kason. A mazhabar Malikiyya, wannan hakki na abokin tarayya ne a abin da ba a raba ba. Maƙwabci ba shi da shi. In an riga an raba an sa iyaka, babu shuf'a. Kuma wanda yana gari, ya ji labarin cinikin, ya yi shiru har shekara ta wuce, hakkinsa ya faɗi. Wanda ba ya gari, hakkinsa yana jiransa.

Mai sayarwa ya fara yi wa 'yan'uwansa tayi. Mai saye kuma ya tambaya: an raba gadon nan? Ina takardar rabo? Sauran magada sun sa hannu? In ba a amsa waɗannan ba, riƙe kuɗinka.

Wannan gargaɗi ya shafi ƙungiyoyin gama kai. In ƙungiyar manoma ko ta mata ta haɗa kuɗi ta sayi fili don rumbun ajiya ko injin niƙa, a yi wa ƙungiyar rajista, a sa sunanta a takarda. Idan sunan shugaba aka sa, ran da ya rasu magadansa za su iya lasafta filin cikin gado.

Aro, haya, jingina da noma-mu-raba

Waɗannan huɗu ba ɗaya ba ne, kuma babu wanda ke mai da gona ta zama taka.

Aro shi ne a ba ka gona ka noma ba da kuɗi ba. A ƙasar Zazzau akan kai wa mai gona ɗan dami ko kwanon hatsi bayan girbi, wanda ake kira galla. Kada a raina wannan al'ada. Ita ce shaidar shekara-shekara cewa gonar tana da mai ita. Zanen aro ba ya rufe katara.

Haya ita ce ka biya kuɗi ka noma na wa'adi sananne. Masu rake a Makarfi da masu tumatir da albasa a fadamun Kudan da Ikara sun san ta sosai. A nan rigima takan taso a kan lokaci. Rake yana daɗewa a gona fiye da hatsi, kuma yana sake tohowa bayan sara. Tohon na wa ne? Wanda ya haƙa rijiya ko ya kafa bututu a lambu, zai cire ko zai bari? Wanda ya zuba taki mai yawa bana, za a karɓe gonar baɗi? Duk a faɗa a rubuta tun kafin a sa fartanya.

Jingina ita ce ka karɓi kuɗi ka ba da gona riƙo, ran da ka mayar da kuɗin a mayar maka da gonarka. Ko an shekara nawa, jingina ba ciniki ba ce. Magadan mai gona suna iya fansa. Malamai kuma suna jan kunne a kan mai ba da bashi ya riƙa cin amfanin gonar, don gudun riba. A tambayi malami kafin a ƙulla.

Noma-mu-raba shi ne wani ya kawo gona, wani ya kawo aiki, a raba amfani. A rubuta wanda zai sayi iri da taki da magani, da yadda za a raba, da abin da za a yi in damina ta ƙi.

Hattara da hauzi

Akwai hukuncin da kotunan shari'a ke aiki da shi, sunansa hauzi. In wani wanda ba danginka ba yana riƙe da gona ko gida, yana gini, yana rushewa, yana cewa nasa ne, kai kuma kana gari kana gani, babu abin da ya hana ka magana, ka yi shiru har shekara 10, to alƙali ba zai saurari ƙararka ba. Tsakanin dangi wa'adin ya fi tsawo, kotuna sukan ambaci shekara 40.

Amma hauzi ba ya cin abin da aka tabbatar aro ne, ko haya, ko jingina, ko amana. Kalmar da za ka riƙe ita ce "aka tabbatar". Da me za ka tabbatar bayan shekara 20, in dattawan da suka shaida sun kwanta dama? Takarda ce za ta yi magana. Ita ke kare mai gona kada a cinye masa. Ita kuma ke kare mai aro kada a kore shi amfaninsa na tsaye.

Ɗan haya a ɗaki ko shago

Garuruwanmu suna girma. Malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da ɗalibai suna kama ɗakuna. 'Yan kasuwa suna kama shaguna. Ɗan haya yana da hakki, mai gida ma yana da nasa.

Hakkin mai gida: a biya shi a kan lokaci, a kula masa da gida, kada a sa wani a ɗakin ko a fasa bango sai da izininsa.

Hakkin ɗan haya: a ba shi rasit duk lokacin da ya biya. A bar shi ya zauna lafiya har wa'adinsa ya cika. In za a tashe shi, a ba shi notis a rubuce. Ƙa'idar da aka sani a dokokin haya na ƙasar nan, in ba a rubuta wani wa'adi dabam ba, ita ce: mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya, mai biyan shekara-shekara notis ɗin wata 6. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ƙara masa takardar kwana 7, sannan a kai ƙara. Kotu ce ke fitar da mutum. Mai gida ba shi da ikon cire kwano, ko ɓalle ƙofa, ko sa kwaɗo, ko turo 'yan daba. In ya yi haka, shi ma ana iya cin sa tara ko diyya.

Ɗan haya kuma ya sani, daɗewa a gida ba ta mai da shi mai gida. In zai yi gyara mai tsada, kamar siminti ko rufi, su rubuta ko za a cire daga kuɗin haya.

Idan gwamnati ta karɓi fili

Manyan ayyuka suna ratsa ƙasar Zazzau zuwa Kano. An ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano a 2020. An ƙaddamar da aikin layin dogo na Kaduna zuwa Kano a 2021. Ga hanyoyi, ga makarantu, ga asibitoci. Doka ta ba gwamnati ikon karɓar fili don amfanin jama'a. Amma sai an ba mai hakki sanarwa, kuma sai an biya diyya.

A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa, diyyar ta abin da aka yi a kan ƙasa ce: gini, rijiya, itatuwa, shuka. Dokar ta ambaci mutum biyu, mai hakki da wanda ke zaune ko aiki a wurin. Ke nan mai haya da ya shuka rake yana da magana a kan rakensa. Ta kuma ce in gonar noma ce mai hakkin gargajiya aka karɓa, ƙaramar hukuma ta ba mai ita wata gonar. Wanda bai gamsu da kuɗin da aka yanka masa ba, yana iya kai kuka ga kwamitin rabon filaye na jiha.

Ranar da masu ƙidaya suka zo da littafi, sunan wanda suka tarar sukan rubuta. In gonar gado ce, kuɗin na magada ne duka. In ta aro ce, kowa da abin da ya shafe shi. Wanda ke da takarda a aljihu ba ya dogon bayani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gidan da ake biya a hankali

Gwamnatoci sun sha kawo shirin gidaje. Shugaba Shehu Shagari ya gina gidaje masu sauƙin kuɗi a jihohi daga 1980. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake cire kashi 2 da rabi cikin 100 na albashin ma'aikaci. Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya ne ke riƙe da asusun. Bankin ya kuma fito da shirin da mai zuba kuɗi a asusun zai shiga gida a matsayin ɗan haya, in ya gama biya gidan ya zama nasa. A tsarin bankin Musulunci kuwa akwai tarayya mai raguwa: banki da mutum su haɗa kuɗi su sayi gida, mutumin ya riƙa biyan hayar kason banki, yana saye kason kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Bankin Jaiz, na farko irinsa a ƙasar nan, ya fara aiki a 2012.

Ingila ta daɗe da irin wannan shiri. Mutum ya sayi kwata ko rabin gida, ya biya hayar sauran. Ya taimaki mutane da yawa. Amma masu gidajen sun yi ta kuka cewa mai kwatan gida shi ke biyan kuɗin gyara duka, haya kuma tana hawa kowace shekara. Sai a 2021 aka gyara tsarin sababbin gidaje, aka sa masu ginin su taimaka da gyara a shekara 10 na farko. A 2024 majalisarsu ta sake yin doka don ƙara wa masu dogon wa'adi hakki. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kafin ka sa hannu a kowane shiri, na gwamnati ko na kamfani, yi tambaya 6:

1. Nawa ne kuɗin gidan duka, in an haɗa da abin da za a ɗora?
2. Shekara nawa zan yi ina biya, kuma biyan zai ƙaru?
3. Sunan wa ke kan satifiket yanzu, yaushe za a mai da shi sunana?
4. Wa zai yi gyara kafin in gama biya?
5. In na kasa biya wata uku ko shida, me zai faru da kuɗin da na zuba?
6. In na rasu, magadana za su ci gaba daga inda na tsaya?

In an ce maka ka sa hannu tukuna, bayani ya biyo baya, tashi ka tafi.

Yadda ake rubuta takarda

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Neman a rubuta ba rashin yarda ba ne. Kiyaye zumunci ne. Ga samfurin da za ku iya kwafa a littafinku:

Yau ranar ........ ga watan ........ shekara ta ........
Ni ........ na garin ........ na ba ........ na garin ........ HAYAR gonata da ke ........
Iyakarta: gabas ........ yamma ........ kudu ........ arewa ........
Wa'adi: daga ........ zuwa ........
Kuɗi: naira ........ An biya ........ Saura ........
Abin da za a shuka: ........
Itatuwan da ke ciki na ........ ne.
Ba za a karɓi gonar ba sai an cire amfanin da ke ciki.
Wannan haya ce, ba sayarwa ba.
Sa hannun mai gona ........ Sa hannun mai haya ........
Shaida na 1 ........ Shaida na 2 ........
Mai unguwa ko dagaci ........

In aro ne ko jingina, sai a sauya kalmar. A karanta takardar da ƙarfi kowa ya ji kafin a sa hannu. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa, bayan wanda ya amince da shi ya karanta masa. A sa matasa cikin shaidu, kada a tsaya ga tsofaffi kaɗai. A yi kwafi uku: na mai gona, na mai haya, na dagaci. A sa a leda a ajiye inda gara da ruwa ba za su kai ba. Mai waya ya ɗauki hotonta. Kada ka taɓa sa hannu a farar takarda.

Wannan takarda shaida ce tsakaninku. Ba ta zama satifiket ba. In ciniki ne na sayarwa, ko haya ta shekaru masu yawa, a bi ta hukuma.

Ina za a je?

A fara da gida: dattawan dangi, mai unguwa, dagaci, hakimi. Sulhu ya fi shari'a sauƙi da arha. In ya gagara, rabon gadon Musulmi yana kotun shari'a. 'Yan'uwanmu da ba Musulmi ba suna da kotun gargajiya. Jihar Kaduna ta kafa waɗannan kotuna iri biyu a 2001. Rigimar mallakar filin da Gwamna ya ba da hakkinsa tana Babbar Kotun Jiha. Marar ƙarfi ya nemi hukumar tarayya mai ba da lauya kyauta, wadda aka kafa a 1976.

Maganar takardar fili kuwa, a je sashen filaye a sakatariyar ƙaramar hukuma, a Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi, a nemi bayanin yadda ake rajista da KADGIS. A je da kai. A guji dillalan bakin ofis. Kowane kuɗi aka biya, a karɓi rasit.

Abin yi a aji

Malaman azuzuwan yaƙi da jahilci, ku karanta wannan bayani tare da ɗalibai. Kowane ɗalibi ya kwafi samfurin takardar da hannunsa. Sannan ya rubuta amsar waɗannan: Gidan da nake ciki, mu nawa ke da rabo? Mata nawa ne a cikinmu? Gonar da nake nomawa, ta gado ce, ko aro, ko haya, ko jingina? Akwai takarda? In babu, su wa suka shaida, kuma suna da rai?

Wanda ya ga shaidunsa sun tsufa, kada ya jira kaka. Ya tara su a zaure wannan makon, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. Amin.